Barnaba Mai Aski da Gwamnatin Ɗakuna Uku

Duk ɗan Najeriyar da ya zauna a unguwar Danau Kota da ke Malesiya, in dai akwai gashi a kansa, ya san Barnaba. Shi ne mai askin da ke hawa na sha ɗaya a dogon benen bayan kedai ɗin mamak, wato shagon shayi da abinci na unguwar, mutumin da zai ɗora maka kilifa a ƙeya sannan ya tambaye ka sanatoci nawa ne a Amurka. Ka ce ba ka sani ba, sai ya kashe kilifa ya gyara tsayuwa ya shiga bayani, kai kuwa ga ka zaune rabin kai a aske. Ni Lawal gida ɗaya muka zauna da shi shekarun korona kaf, ina karatun digirin ƙoli a kan ƙasar noma, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Haifaffen Kafanchan ne, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa. A bakin tasha ya koyi aski, a coci ya koyi ɗaga murya, kuma duka biyun bai bar ko ɗaya a gida ba da zai taho Malesiya. Karatun kula da otal ya kawo shi. Ya gama wannan ya shiga wancan, ya gama wancan ya nemo wani, har ni na daina tambayar me yake karantawa. Abin da kowa ya sani shi ne ƙaramin ɗakin gidanmu mai kujera ɗaya da madubi, inda ɗalibai ke bin layi ranar Asabar.

Matarsa Felicia tana birnin Baltimore a Amurka. Tun suna saurayi da budurwa ta ci bizar nan ta ƙuri'a, ta tafi, ta dawo aka ɗaura aure a Kafanchan, ta sake komawa ita kaɗai. Aikinta kula da tsofaffi ne a wani gidan jinya. Lauyansu ya gaya musu magana ɗaya: in Felicia ta zama 'yar ƙasa, maganar tafiyar Barnaba za ta yi sauri. Kafin ta zama kuwa sai ta ci jarrabawa a kan yadda ake mulkin ƙasar. Tambayoyi ɗari ake ba mutum ya karanta, a zaɓi goma a yi masa baki da baki, ya amsa shida daidai.

To ga inda matsalar take. Madam Felicia in ta buɗe littafi, kafin ta kai ƙasan shafi barci ya kwashe ta. Amma ka ba ta labarin faɗan da aka yi a gidan biki shekarun baya, wallahi za ta gaya maka kalar ɗankwalin wadda ta fara zagi. Kullum da safe Barnaba zai kira ta, lokacin ita dare ya fara a can ta taso daga aiki, ya sa waya a sifika a tsakiyar falo, ya ce, "Madam, ɓangarorin gwamnati nawa ne?" Ta ce huɗu. Ya dafe kai. Gobe ya sake tambaya ta ce biyar.

Ana cikin haka korona ta iso, gwamnati ta sa dokar kulle. Aski ya tsaya, jami'a ta rufe, aka ce mutum ɗaya ne kawai zai fita cefane daga kowane gida, shi ne shugaban gidan. Mu kuwa maza huɗu ne, babu wanda ya haifi wani. Ni da Ubale, wani Bakano mai karatun injiniya, da Seth, ɗan Jos mai karatun kwamfuta, mu uku muna babban ɗaki. Barnaba yana nasa ɗakin shi kaɗai. Ɗakin askin kuma wata kyanwa ce ta mamaye shi, wadda aka haifa a ƙarƙashin kujerar askin, muke kiranta Boleh. Nan take gardama ta kaure a kan wanda zai riƙa fita, don a lokacin ko hawa lif sai ka ji kamar ka je yawon buɗe ido.

Barnaba ya bari muka yi ta ihu har muryoyinmu suka dushe, sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, Allah ne ya kawo mana wannan. Madam ba ta riƙe littafi, amma tana riƙe rigima. Daga yau gidan nan Amurka ne. Za mu yi zaɓe, mu yi majalisa, mu yi kotu, duk abin da ya faru in kwashe in kai mata da safe."

Na ce, "Oga Barnaba, kulle ne ya fara taɓa ka?"

Ya ce, "Dokta, kana son fita ko ba ka so?"

Ina so mana. Shi ya sa na tsaya takara da shi. Kuma na san na ci, don Ubale da Seth duk sun yi min alkawari, sun kuma cika. Mutum uku suka zaɓe ni har da ni kaina, mutum ɗaya ya zaɓi Barnaba, wato Barnaba. Har na ɗauko takunkumina da jakar cefane, sai ya ce in dakata, ai a Amurka ba kawunan mutane ake ƙirgawa kai tsaye ba, jihohi ne ke zaɓe. Kowane ɗaki jiha ne. Kowace jiha tana da ƙuri'a biyu ta sanatocinta, sannan a ƙara mata gwargwadon jama'arta. Ɗakinmu mai mutum uku, ƙuri'a biyar. Ɗakinsa, uku. Ɗakin aski, shi ma uku, don jiha komai ƙanƙantarta ba ta kasa uku.

Na ce, "Wa ke ɗakin askin?"

Ya ce, "Boleh."

Aka zuba busasshen kifi a faranti biyu, ɗaya a gabana ɗaya a gabansa, aka saki kyanwar. Dabbar da yake ciyarwa tun idonta bai buɗe ba, ina za ta? Ko kallona ba ta yi ba. Shida da biyar, Barnaba ya zama shugaban ƙasa, ya kuma sanar da cewa Boleh ce mataimakiyarsa. Kai, ranar raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Ni da na baro mata da 'ya'ya a Funtua na zo neman ilimi, a ce mage ta kayar da ni zaɓe!

Washegari ya kwashe labarin kaf ya ba Felicia. Ta yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunta. Da ta ɗauka ta ce, "Malam Lawal, sannu, Allah ya ba da haƙuri. Amma tsaya, ke nan mutum zai iya samun jama'a ya faɗi?" Barnaba ya kalle ni yana washe baki, ya nuna wayar da yatsa. Tun daga ranar ba ta sake manta cewa kowace jiha sanata biyu gare ta ba, ko babba ce ko ƙarama.

Mu ukun da muka sha kaye aka ba mu majalisa. In muna zaune a falo, mu ne majalisar wakilai. In mun tashi mun koma kicin, mun zama majalisar dattawa. Doka ba ta zama doka sai mun amince da ita a falo, mun taka zuwa kicin mun sake amincewa, sannan mu kai wa shugaba ya sa hannu. Ni aka naɗa kakakin majalisa don in huce, ban kuwa huce ba. Kotun ƙoli kuma aka kai wa Anti Salama, wata dattijuwa 'yar Zonkwa da ke ƙofar da ke kallon tamu. Sarin atamfa da takalma ta zo yi, aka rufe filin jirgi da ita a ciki. Barnaba ya gaya mata alƙalan can tara ne kuma ba a sauke su sai mutuwa ko ritaya. Ta leƙo ta ƙarfen ƙofarta ta ce, "Ni ɗaya na ishe ku, yarana."

Dokar farko da muka yi ita ce lallai shugaba ya riƙa sayo naman sa, don mun gaji da kaza. Ya hau kujerar naƙi, ya ce ba zai sa hannu ba. Muka cika fam. Sai shi da kansa ya matso ya raɗa mana cewa in kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka tsaya kai da fata, dokar ta wuce ko shugaba bai so ba. Seth ya zame, don an yi masa alkawarin aski, amma ni da Ubale mun isa. Muka ɗaga hannu a falo, muka ruga kicin muka sake ɗagawa. Ban taɓa ganin mutumin da aka kunyata yana murna irin haka ba. Har rawa ya taka, yana cewa gobe Madam za ta sha labari.

Seth kuwa da aka kawo dokar wanke-wanke, tashi ya yi a kicin ya ce yana da magana. Ya ji an ce sanata zai iya riƙe magana ya hana a kaɗa ƙuri'a. Ya buɗe littafin waƙoƙin coci ya fara karantawa daga bango, baiti bayan baiti, shinkafa tana kan wuta. Ubale ya ce, "Oga, wannan ma yana cikin jarrabawar?" Barnaba ya ce, "Babu, amma ku bar shi, abin yana kyau." Shinkafar ta kama, muka ci ƙanzo.

Da azumi ya kama, Ubale ya kawo doka cewa kada wanda ya soya komai da rana, don ƙamshin ƙwan Seth yana neman halaka mu. Biyu da ɗaya, doka ta wuce, shugaba ya sa hannu yana murmushin mugunta. Seth ya garzaya kotu. Muka jeru a bakin ƙofarmu da takunkumi, Anti Salama tana tata ƙofar a kan kujerar roba. Ta saurari kowa, Barnaba ya karanta mata gyara na farko a kundin tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗora wa kowa addini ko hana shi nasa. Ta ce doka ta rushe, majalisa ba ta da hurumi. Seth ya fara tsalle. Ta ce, "Kai kuma ɗan nan, kotu ta tashi, yanzu uwarka ce ke magana. In na ƙara jin ƙamshin ƙwai kafin magariba, da muciya zan shigo." Ƙwai bai ƙara soyuwa ba. Barnaba kuma, a faɗi gaskiya, shi ya riƙa dafa mana abin buɗa-baki har watan ya fita, kunun gyaɗarsa ma ba laifi.

Abin da ya kawo ƙarshen mulkinsa duriyan ne. Wanda bai san shi ba, wani ɗan itace ne mai ƙaya da mutanen nan ke mutuwar so, warinsa kuwa kamar an manta albasa a cikin takalmi. Muka aike shi sayen attarugu da tumatir, ya dawo da wannan bala'i ya cusa a firji. Ruwan sha ya ɗauki wari, madara ta ɗauka, har man shanun da Ubale ke ɓoyo. Na tara majalisa a falo muka tuhume shi. Muka koma kicin don yi masa shari'a, aka buɗe ƙofa don Anti Salama ta jagoranci zaman daga nesa, tunda an ce in shugaba ake tuhuma babban alƙali ne ke zama. Barnaba ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya kare kansa da kuka da rantsuwa, yana yi yana leƙen ko Seth na ɗauka a waya. Uku ba ko ɗaya, muka tsige shi. Daga baya na gane da gangan ya sayo abin, don Felicia ta kasa riƙe wanda ke hawa in an cire shugaba.

Wa zai hau? Mataimakiya. Boleh tana kwance a kan kujerar aski tana lasar ƙafa. Barnaba ya ce ai ita kaɗai ce ma haifaffiyar ƙasar a cikinmu, tunda a gidan aka haife ta, kuma sharaɗi ne. Na ce ba a haifi wanda zai sa in rusuna wa mage ba. Muka koma kotu. Anti Salama ta tambayi shekarun da ake buƙata, aka ce talatin da biyar. Ta tambayi na kyanwar, aka ce ba ta rufa biyu ba. Ta ce to a ba na gaba. Na gaba kuwa shi ne kakakin majalisa. Ni ke nan! Na yi wanka, na sa farar shadda da hula, na karɓi jakar cefane. A satin ne gwamnati ta sassauta dokar, aka ce kowa ma zai iya fita. Na sauka ƙasa na tarar da Seth da Ubale sun riga ni, suna zaune a kan babur ɗin wani suna cin abin da suka yi tapau, wato abincin da aka ƙunso musu a shago.

Kulle ya riƙa tafiya yana dawowa, gwamnatinmu kuma ba ta rushe ba, don an yi ta ɗage ranar jarrabawar Felicia. Mun yi gyaran kundi, mun yi zaɓen rabin wa'adi, mun taɓa ayyana yaƙi a kan kyankyasai don kawai ta riƙe cewa majalisa ce ke da wannan ikon. Kullum safiya tsarin ɗaya ne. Ta ɗauka, ya ce, "Madam, kin san abin da ya faru jiya?" Ya zuba labari, ya bi da tambayoyi, ta amsa, ya ce ta je ta kwanta. Har mu mun haddace. Ubale da bai san sunan ɗan majalisar mazaɓarsu ba, ka tashe shi daga barci zai gaya maka wakilai shekara biyu suke yi, sanatoci shida.

Da ranar ta zo, Barnaba ya yi ta kai-kawo a falo har sai da ta kira. Ta ce jami'in ya tambaye ta me ke hana ɓangare ɗaya na gwamnati yin ƙarfi fiye da kima, bakinta har ya buɗe zai ce Anti Salama, Allah ya taimake ta ta kama shi, ta ce kowane ɓangare yana taka wa ɗan'uwansa birki. Shida a jere, ba ta faɗi ko ɗaya ba, jami'in ya rufe takarda. Barnaba ya durƙusa a tsakar falo yana waƙar yabo da muryar nan tasa, har maƙwabcinmu ɗan Sin ya buga bango. Ni kaina sai da na ji ƙwalla. Ba da jimawa ba ta yi rantsuwa ta zama 'yar ƙasa.

Saura nasa. Sai da aka ja watanni kafin ofishin jakadanci ya kira shi ganawa. Lauya ya gaya masa ba za a tambaye shi komai a kan gwamnati ba, wannan na masu neman zama 'yan ƙasa ne. Ina! Kunnen uwar shegu ya yi. Ya kwana biyu yana bita, ya aske kansa da kansa, ya sa kwat, ya fita yana karanto gyare-gyare goma na farko a cikin lif.

Bayan azahar ya dawo. Daga yadda ya murɗa makulli na san ba lafiya. Ya zauna a falo bai cire takalmi ba.

Na ce, "Oga Barnaba, yaya?"

Ya ce, "Dokta, ba ta tambaye ni ko ɗaya ba."

Matar da ke bayan gilashin, in ji shi, ba ta yi masa wulaƙanci ba. So kawai take ta tabbatar auren na gaske ne. Ta tambayi unguwar da matarsa take, ya faɗa, ta ce wannan tsohon gida ne, ta tashi tun bara. Ta tambayi inda take aiki, ya faɗi gidan jinyar, ta ce ta bar can. Ta tambayi dalilin da ya sa ta yi kusan wata biyu ba ta aiki. Ya ce bai sani ba. Ta ce, kuna magana kuwa? Ya ce kullum. Ta ce, a kan me? Ya ce a kan majalisar dattawa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ba za ta iya ba shi yau ba, an jingine maganar sai ya kawo ƙarin shaida.

Seth ya buɗe baki zai yi barkwanci, Ubale ya taka masa ƙafa. Haka muka zauna har magariba, lokacin da gari ke wayewa a can. Barnaba ya kira, ya sa a sifika kamar yadda ya saba, ya ajiye a kan tebur.

Ta ɗauka da fara'arta ta ce, "Mai gida, yaya? Sun ba ka?"

Ya ce, "Felicia, me ya hana ki aiki wata biyu?"

 

Ta ce, "Korona ce. A wajen aiki na ɗauka. Tsofaffina da nake yi wa wanka da hannuna suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, ni ma ta kwantar da ni. Ni kaɗai a ɗaki. Lokacin da na ce maka kyamarar wayata ta lalace, ba ta lalace ba. Da na tashi na kasa komawa gidan jinyar nan, ko ƙofarsa ba na iya kallo."

Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Ta ce, "Kullum ina cewa in ka tambaye ni ya jikina zan faɗa. Sai ka ce, kin san abin da ya faru jiya? Kuma ina son in sani, Barnaba. Ba abin da ke sa ni dariya a lokacin sai gidanku. Ina kwance numfashi yana gagarata, kana tambayata alƙalai nawa ne, ina ce maka tara."

Tausayinsu ya kama ni, su biyun, har na rasa inda zan sa idona. Barnaba ya miƙa hannu ya cire wayar daga sifika, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya kara ta a kunne ya ce, "Ina jinki. Fara daga farko." Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Muka koma kicin mu uku muka tsaya. Bangon gidan nan ba shi da kauri, ko tari mutum ya yi ana ji. Har aka kira isha'i ban ji muryar Barnaba ba ko sau ɗaya.